Nasiha Ga Matasan Shahuci Kan Tsadar Rayuwa

'Ya'yana,

Dalilin wannan takarda shi ne zancen da ya cika majalisunku tun 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, abinci ya bi sahu. Kowane magidanci ya ji a jikinsa. Sai dai maganin da kuke nema, wato gwamnati ta ƙayyade farashi, shi nake so ku sake wa lissafi.

Ku fara da tarihin garinku. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suke so domin masaƙun Ingila. Manomi ya duba, ya ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, idan ma ba ta sayu ba iyali za su ci, sai ya shuka gyaɗa. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya goge a fataucin goro daga Gwanja, suka shiga saye. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita daga wannan lissafin talaka ta taso. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, ita ke yanke farashi, ita kaɗai ke fitarwa waje. Ta riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar ta tafi aljihun hukuma. Gwiwar manomi ta yi sanyi, farin shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa aikin. Kafin a rushe irin waɗannan hukumomin a 1986, dalar gyaɗa ta zama labari.

Ku tambayi iyayenku layin madara da sukari da sabulu na 1984. Farashin gwamnati yana nan a takarda, kaya kuwa sai a bayan fage. Da idonku kun ga rufe iyakoki a Agusta 2019: shinkafa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi. Kafin Yuni 2023 dalar Amurka tana kusan naira 460 a Babban Banki, a kasuwar 'yan canji ta Wapa ta haura 700. Mai uwa a gindin murhu ya karɓa a can, ya sayar a nan, bai ɗaga ko tsinke ba. Duk inda aka yi farashi biyu, talaka na sama yake biya.

Farashi saƙo ne. Idan masara ta tashi a kasuwar Dawanau, manomi ya ji, baɗi ya ƙara gona. Idan aka danne farashin, an rufe masa kunne. Tun a Madina an roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Abin da aka hana shi ne algus, da tauye mudu, da ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a. Ku riƙe wannan iyakar da kyau.

Saboda haka, ga nasihata. Kowa ya koyi sana'a, ko gyaran waya a Farm Centre, ko yaron shago a Kantin Kwari ko Singa. 'Yan mata masu saye da sayarwa ta waya, ku ma da ku nake. Ku rubuta shige da fice, kada a ci uwar kuɗi. Ku biya bashi a kan lokaci, domin amana ce jarin da ya riƙe kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Kada ku daɗe da ajiyar naira a ƙarƙashin katifa alhali hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Ku mayar da ita haja ko kayan aiki.

Idan 'yan siyasa sun zo da taliya da atamfa, ku tuna gwamnati ba ta da gona: abin da ta raba, daga haraji ko bashi ko buga kuɗi ya fito, ku ne za ku biya. Ku nemi abin da yake wajibinta: tsaron hanya da gonaki, kotu mai yanke hukunci da wuri, haraji guda sananne, da bayanin inda kuɗin tallafin da aka cire suke tafiya. Ranar da kuma ɗayanku ya zama attajiri, kada ya je Abuja neman a hana wasu shigo da irin hajarsa. 'Yancin da kuke nema wa kanku, ku bar wa abokin gasarku.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa albarka a nemanku. Wassalam.

Naku,
Wani dattijo a Shahuci, Kano