Naira Dubu 70 Da Ɗan Ƙwadagon Da Doka Ba Ta San Da Shi Ba



Jiya bayan Isha'i wani dattijo mai makarantar kuɗi a nan Malumfashi ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, malamaina sun taso ni gaba, wai gwamnati ta ce dubu 70. In na biya, sai na sallami rabinsu. In ban biya ba, ina tsoron Allah. Ya zan yi?"

Mu fara da dokar. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, maimakon 30,000 da aka yanka a 2019 zamanin Buhari. Wannan kuwa bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023, kaya sun yi tashin gwauron zabi. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba, dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ta cire masu aikin lokaci-lokaci kamar na gona. To duba daga nan har Funtua. Mai karyar masara, mai cirar auduga, yaron shago, malamin Islamiyya, wa dokar ta taɓa a cikinsu? Kasuwa ɗaya suke ci da ma'aikacin gwamnati, farashin tiya ɗaya ne, amma ƙarin bai zo musu ba.

Shin ma ya halatta hukuma ta yanka lada? Akwai hadisin Anas a Abu Dawud da Tirmizi: kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Annabi (SAW) ya yanka farashi, bai yanka ba. Da shi malamai da yawa suka hana. Sai dai Ibn Taimiyya a littafinsa Al-Hisba ya fayyace cewa in mutane suna da buƙatar wata sana'a kuma zalunci ya shigo, shugaba zai iya tsayar da ujratul misli, wato ladan da ya dace da irin wannan aikin a wurin. Kun ga ma'aunin biyu ne: kada a ci gumin ma'aikaci, kada kuma a ɗora wa mai aiki abin da zai rufe masa ƙofa. Ni wannan fahimtar na fi natsuwa da ita.

Dattijon ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka doka ba ta kama shi ba. Amma na tuna masa hadisin Bukhari kan mutum uku da Allah da kansa zai yi jayayya da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya sa aiki aka gama masa, ya hana lada. Na ce ya tara su, ya buɗe musu littafin kuɗin makaranta su gani da idonsu, ya ƙara abin da zai iya yanzu, ya sa lokacin ƙari na gaba a rubuce, kada ya kori kowa. Wata kuma in ya ƙare, kada albashi ya kwana.

Sai ya yi murmushi ya ce, "To Malam, ku nawa kuke ba malaman Islamiyyarku?"

Wallahi kunya ta kama ni, domin shekara uku rabon da mu ƙara musu ko sisi. Na kira kwamitin masallaci, za mu zauna ranar Juma'a bayan La'asar.