Aikin Kwamitin Masu Gidaje

A rukunin gidaje irin na Gwarimpa a Abuja, ko Kundila a Kano, masu gidaje sukan kafa ƙungiya, su zaɓi kwamitin da zai lura da abin da ya shafi kowa, watau magudanar ruwa, da kwashe shara, da albashin masu gadi. Ba a biyan 'yan kwamiti ko anini. Saboda haka ran zaɓe sai a ga mutanen kirki sun sunkuyar da kai, har aikin ya faɗa hannun wanda idonsa ke kan asusu.

Aikin ma'aji ya fi na kowa nauyi. Wajibi ne ya ba da rasit a kan duk abin da ya karɓa, ya kai banki, kada kuɗin jama'a ya kwana a aljihunsa. Ba a kuwa fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Wannan ƙa'ida ba zargi ba ce, gama ran da rijiyar burtsatse ta lalace, aka ce ina kuɗin gyara, littafi ne zai wanke ma'aji, ba rantsuwa ba.

Ƙungiyar da ke son mallakar fili da sunanta, sai ta yi rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Akan buga sunayensu a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai yi jayayya. Wanda kotu ta sama da laifin zamba cikin shekara 5 da suka wuce ba ya zama amintacce.