Amsoshin Wasiƙunku: Sutura a Bakin Bature da Balarabe

Wasiƙun da suka taru a wannan mako yawancinsu a kan sutura suke, don haka yau a nan za mu yada zango.

Ta farko daga Funtuwa take, wata ɗaliba 'yar aji biyar na sakandare. Ta ce ta rubuta "I am putting on a blue dress", tana nufin shuɗiyar riga ce a jikinta, sai malamin Turanci ya ja mata jan biro. Tana tambaya, ina laifin yake?

To ƙanwata, malaminki yana da gaskiya, kuma ba ke kaɗai ce kike faɗa wa wannan rami ba, har manya a ofis suna faɗawa. Mu a Hausa, in mutum ya ce "na sa riga", yana iya nufin yanzu ya zura ta, yana kuma iya nufin tun safe take jikinsa. Bature ya raba su gida biyu. Lokacin da kanki ke neman wuyan riga, hannunki na laluben hanya, wannan shi ne "put on". Da zarar ta zauna a jiki kin fito tsakar gida, sai "wear". Don haka "I am wearing" ya kamata ki rubuta. Cirewa kuwa "take off" ne. Wannan "off your shoes" da kike ji a bakin ƙofa Turancin gida ne, ba zai samo miki maki a jarrabawar WAEC ba. Shiri gaba ɗaya, daga kai har ƙafa, "get dressed" ake cewa, gwada kaya a shago kuma "try on".

Kada abin ya ba ki tsoro, domin harshenki ya fi haka rarrabewa. Zani ɗaura shi ake yi, rawani a naɗa, mayafi a yafa, hula a kafa. Wadda ta san ba a cewa "ta naɗa takalmi" ba za ta kasa riƙe kalmomi biyar na Turanci ba. Ki kuma gaya wa 'yan'uwanki maza cewa "a dress" rigar mata ce, namiji ba ya cewa "my dress". Sannan "cloth" shi ne yadin da aka yanko a Kantin Kwari, in tela ya ɗinka ya zama abin sawa sai a ce "clothes".

Wasiƙa ta biyu wani matashi ne daga Zariya, ya samu gurbin ƙaro karatu a Ingila, yana so ya san sunayen kayan da zai saya. Malam, muna taya ka murna, Allah Ya sa albarka. Ka kula da kalmar "pants": a Amurka wando ce, a Ingila kamfai. Wando a can "trousers" ne, kuma kullum jam'i ake yi masa, in ɗaya kake so ka ce "a pair of trousers". Haka "vest", a Ingila singileti, a Amurka falmaran. Wadda za ta fi yi maka amfani ita ce "jumper". Daga gare ta muka samo jamfa, amma a can ba jamfarmu ake nufi ba, rigar sanyi ce ta ulu, irin wadda muke kira suwaita. Ka saye ta tun kafin Disamba, ka haɗa da kwat mai kauri da safar hannu, "gloves".

Sai wasiƙar wani dattijo daga Maraɗi, maniyyaci ne shi da uwargidansa. Ya ce ya yi karatun allo da na littattafai, amma yana gudun ya shiga kasuwar Makka ya rasa bakin magana.

Baba, Allah Ya kai ku lafiya. Ku kwantar da hankalinku, rabin Larabcin sutura yana bakinku tun kuna yara. Aljihu daga "al-jaib" yake, alharini daga "al-harir", jabba daga "jubba", tagiya daga "ɗaƙiyya", launi daga "laun". Har almakashin tela daga "al-miƙass" ya fito. Haramin da za ku ɗaura ƙyalle biyu ne, kowanne da sunansa: na ƙasa "izar", na kafaɗa "rida'". Takalmin silifa "na'al". Hajiya kuwa ba ta da wani ƙyalle na musamman, suturarta ta mutunci ita ce haraminta, sai dai ba ta sa niƙabi ko safar hannu, wadda ake kira "ƙuffaz".

Inda za ku yi hattara shi ne Larabcin littafi da na kasuwa ba kullum suke tafiya tare ba. A littafi "thaub" kowane irin tufa ne. A Saudiyya kuwa, in kun ce "thaub", farar doguwar rigar maza za a miƙo muku, wadda mu muke kira jallabiya. Wannan rigar dai a Kuwait "dishdasha" ce, a Dubai "kandura". In kuma mai shagon ɗan Sudan ne, ya ji "tob", lafayar mata zai ɗauko, wadda matan Barno da Cadi suke naɗawa. Hiramin kai mai ja da fari "shimag", fari zalla "gutra", baƙar igiyar da ake danne shi da ita "igal". Ga kuma na ciniki: "bikam", nawa ne, "maƙas", awo, "kabir", babba, "sagir", ƙarami, "gali", ya yi tsada. Wannan ta ƙarshen, Baba, ku faɗe ta da murmushi, ku ɗan ja da baya, ciniki a can ma ana yin sa.

Sawa a Larabci "labisa" ne, daga nan "libas" da "malabis", wato tufafi. Cirewa "khala'a". Malamai sun san ta a wani babi, domin daga tushenta hul'i ya fito, inda mace ke fansar kanta daga aure.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani mai son ƙwallo a Kumasi. Yana tambayar sunan rigar da aka yafa wa Messi ranar da Ajantina ta ɗauki Kofin Duniya. Ɗan'uwa, sunanta "bisht". Sarkin Katar, Tamim bin Hamad Al Thani, shi ya yafa masa ita a filin wasa na Lusail ranar 18 ga Disamba, 2022. Baƙa ce shara-shara, da aikin zare mai ruwan zinariya a bakinta, ta manya ce da angwaye da limamai. A wurinmu alkyabba ce ta fi kusa da ita, Bature kuma zai ce "cloak".

Ka ƙara da tambayar me ake kiran babbar riga da Turanci. Turawa ba su da ita, don haka ba su da sunanta. "Gown" zai kai hankalin Bature ga rigar amarya ko ta bikin yaye ɗalibai, "agbada" kuwa Yarbanci ne. Ni dai shawarata, ka ce babbar riga kai tsaye, sannan ka yi masa bayanin aska takwas ɗin da ke ƙirjinta da irin watannin da maɗinki ke ɗauka yana aikinta da allura.