Mai harama da zafin rana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya ku ƴan'uwa maniyyata, namiji mai harama ba ya rufe kansa, kuma baƙar fata ma tana ƙuna. A hajjin 2024 zafi ya wuce digiri 51 a Makka, fiye da mutum 1,300 suka rasu. Duk da haka muna jin masu cewa riƙe laima rage lada ne. Ina hujjarsu? Muslim ya ruwaito cewa a hajjin ban kwana an yi wa Annabi (SAW) inuwa da tufa har ya jefi Jamratul Aƙaba. Ku riƙe laima, kada dai ta taɓa kai. Ranar Arfa ku zauna cikin hema, hawan dutse ba wajibi ba ne. Bayan jifa da aski ku sa hula, domin sabon aski ba ya jure rana. Wallahu a'alamu.