Binne Gatari

Ɗan'uwa mai karatu, yau za mu koyi wata karin magana ta Ingilishi. Mutanenmu na Madawa da Buza da Keita suna yawan zuwa cin rani Najeriya. Can kana iya jin ta a bakin mutane ko a rediyo. Ga ta: "bury the hatchet". Ana faɗinta kamar haka: beri da hacit.

Fassarar kalmomin ita ce "binne gatari". Amma fa ba rami za ka gina ba. Abin nufi shi ne a kawo ƙarshen gaba, a yi sulhu.

Daga ina ta samo asali? Daga mutanen asali na Amurka ta Arewa. Suna yaƙi da ƙananan gatura. In ɓangarori biyu suka shirya, sai shugabanninsu su binne gatura cikin ƙasa, kowa yana gani. Turawan Ingila sun rubuta labarin wannan al'ada tun wajen 1680.

Mu ma a Nijar mun ga irin haka. Ran 24 ga Afrilu 1995, gwamnati da ƴan tawaye suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai. Ran 25 ga Satumba 2000, aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta. Waɗancan sun binne, mu mun ƙone. Manufa ɗaya ce.

To, yaushe ake amfani da ita? Ga misali. Da kaka, shanu sun bar burtali sun shiga gonar gero. Manomi da makiyayi sun yi cacar baki. Mai gari ya kira su, an kimanta ɓarna, an biya, sun yafe wa juna. Nan ne za ka ce sun binne gatari.

Ka lura da abu biyu. Na ɗaya, ba a faɗinta don an tashi daga aiki ko kasuwa ta watse. Sai in rigima ce ta ƙare. Na biyu, mutum ɗaya ba ya binne gatari shi kaɗai. Sai kowane ɓangare ya yarda.

Kuma in an binne, kada a bar ƙota a waje. Wanda ya ce ya yafe, amma kullum yana tono tsohuwar magana, gatarinsa na nan a kafaɗa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar binne gatari?
2. Me aka yi a Agadas a 2000?
3. A garinku, wa ke sasanta manoma da makiyaya?