Gyaran Tsohuwar Akori-Kura A Gida

Kaka ta kama, an soma cire gyaɗa da karyar masara a ƙasar Gwarzo da Kabo. Yanzu ne tsohuwar akori-kura ta ke da daraja, gama ita ke kwaso amfanin gona daga ƙauyuka zuwa kasuwar Getso, ita ke wucewa da shi Dawanau in farashin Kano ya fi. Yanzu ne kuma ta fi mutuwa a hanya. In mota ta ƙi tashi da asubahin ranar kasuwa, hasara biyu ke nan: mai ita ya rasa kuɗin lodi, manoman da suka dogara gare shi kuwa su sayar da hatsinsu a ƙofar gida yadda 'yan baranda suka ga dama.

Da yawa cikin motocin nan Peugeot ne, watau Fijo, ƙirar 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan da aka buɗe masana'antar a 1975. Injinsu mai silinda huɗu ne, da kafireta da kwantak, ba kwamfuta a ciki. Saboda haka mai mota da yaronsa suna iya gano yawancin ciwonta a gindin bishiya, in dai akwai sufanar fulogi, da sukudireba, da filaya, da 'yar sanfefa, da kwalba mai tsabta. Maganar nan ba ta shafi motar dizal ba, ko sababbin Hilux masu kwamfuta. Waɗannan sai gareji.

Injin fetur abu uku ya ke bukata kafin ya tashi: wuta, da mai, da iska. Aikin mai gyara shi ne ya gane wanne ne ya yanke, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kwance kome. Abin da a kan gani a tasha shi ne, da mota ta ƙi tashi sai a faɗa wa kafireta, a warwatsa ta a kan buhu. Ita ta fi shan zargi, ita ce kuwa ta fi ƙarancin laifi, kuma ba kowa ke iya mayar da ita yadda ya same ta ba.

A fara da batir. A kunna fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallonsu, sa'an nan a murɗa makulli. In fitilu suka dushe ƙwarai, ko dai batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. In suka tsaya da haskensu amma injin bai juya ba, sai ɗan ƙas da a ke ji, to, laifin na sitata ne ko wayarta. Sau da yawa farin garin nan da ke taruwa a kan batir shi ne duka ciwon. A kwance waya, ta jikin mota tukuna, a wanke kan da ruwan kanwa, gama kanwa tana kashe asid, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batir. A goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris. Mai mita ya auna: batir mai lafiya yana ba da wajen bolt 12.6 in injin na kashe, in yana aiki kuwa kusan 14. In bai hau ba, mota ba ta caji, a duba fambel kafin a zargi altaneta.

In injin yana juyawa sarai amma bai kama ba, sai a nemi wuta. A cire fulogi ɗaya, a mayar masa da wayarsa, a ɗora gindinsa a jikin ƙarfen injin nesa da fetur, a murɗa makulli. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana ƙara. In ja ce mai rauni, ko babu sam, a buɗe murfin distiributa a duba kwantak. Bakinsa ya kan ƙone ya yi ƙuraje. A goge shi da sanfefa mai laushi, a daidaita buɗewarsa kamar milimita 0.4, bakin fulogi kuwa 0.6. Ƙwarya-ƙwaryar gejin awon ba tsada gare ta ba, ta fi awon ido. A duba cikin murfin kuma, ko ya tsage ko ya yi raɓa. Kafin a zare wayoyin fulogi duka, lalle a sa wa kowace alama, domin in aka juya biyu sai mota ta yi ta harbi a salansa ba ta tashi.

Fulogin da aka cire shi kansa mai ba da labari ne, ga wanda ya iya karatunsa. In bakinsa ruwan ƙasa ne a bushe, silindar nan lafiya ta ke. In baƙi ne mai kunkunniya, mai ya fi iska yawa, watau ko cok ya maƙale ko matatar iska ta toshe. In baƙi ne mai maiƙo, ringin fistin sun ci, baƙin mai yana hawa sama, za a ga shuɗin hayaƙi a baya. Wannan ya wuce gyaran gida. In fari ne fat, injin yana zafi fiye da kima ko mai ya yi masa kaɗan.

To, wuta ta samu, saura mai. A zare tiyon da ke shiga kafireta, a sa bakinsa cikin kwalba, a murɗa makulli. Ya kamata fetur ya riƙa tsartuwa da ƙarfi. In bai zo ba, a duba 'yar filtar mai, daga nan famfon mai. In ya zo, a ajiye kwalbar ta kwanta, a ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa za a gan shi, shi da tsatsar tanki. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 mai ya yi tsada, masu mota suka koma sayen galan-galan a bakin hanya suna tafiya da tanki kusan wayam, sai famfo ya riƙa tsotso dattin gindi. Wanda ya tace mansa da ƙyalle mai tsabta kafin ya zuba, ya rage wa kansa kwana a daji.

Iska ba ta da dogon bayani. In matatar ta takarda ce, a kakkaɓe ta, kada a wanke. In irin mai baƙin mai a gindi ce, a wanke da kananzir a sāke man. Da hunturu da lokacin sussuka a duba ta kowane mako.

Abin da ya fi kashe injin a ƙasar nan zafi ne. Motar da ke shiga masussuka, ƙaiƙayi ya kan toshe ramukan lagireto har iska ta kasa ratsawa. A wanke shi daga ta wajen injin zuwa waje. A danna fambel da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya da rabi. Ruwan sama da aka tara ya fi na rijiya kyau a lagireto, domin na rijiya ya kan bar farar ƙasa a ciki. In allurar zafi ta hau, a tsaya nan take. Kada a buɗe murfi sai ya huce, mutane da yawa sun toye fuska a nan. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin injin mai zafi. Kan injin Fijo na alminiyam ne, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, ruwan bokiti ɗaya ya ci kuɗin buhunan masara. Wanda ya ga baƙin mai ya koma launin kunu, ko ruwan lagireto yana kumfa, gasket ya ƙone. Kada ya ƙara tayar da ita, a ja ta zuwa Gwarzo wurin bakanike.

Game da lodi, akori-kurar nan an yi ta ne don wajen tan ɗaya, kamar buhu goma na masara mai kilo 100. Kowa ya san abin da a ke ɗora mata ranar kasuwa, ga mutane a bisa buhuna. Sifirin da kuloci da birki su ke biyan bashin. Birki kuwa ba abin gwaji ba ne. In man birki yana raguwa, akwai inda ya ke yoyo, sai a nemo wurin. Zuba ruwan sabulu maimakon man, da waɗansu ke yi, wasa ne da ran fasinja. Haka nan kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A tokare ta da gungumen itace, ba bulo ba, gama bulo yana fashewa ba gargaɗi, a sa dutse a ƙafafun da ke ƙasa.

Wanda za shi Kano sayen kaya, a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ya tafi da tsohon abin a hannu a gwada da sabon, domin jabu ya yi yawa. Kwantak ɗaya, da kwandensa, da fulogi biyu, da fambel, a ƙunshe su cikin leda a ajiye bayan kujera tun kafin jigilar dawa ta kankama.