Kafin Ka Ɗora wa Bindigar Farauta Madubi

Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a jihar Ohio ta Amurka ya aiko da tambaya. Abokan aikinsa ne suka ja shi farautar barewa, ya yi kwas ɗin da hukuma ta wajabta, ya yanki lasisi, ya sayi bindigarsa bisa ƙa'ida. Da ya shiga kanti neman madubin saiti sai kansa ya ɗaure: ga na dala 40, ga na dala 2,000, kuma kowane kwali cewa yake nasa ba ya jin ruwa, ba ya jin duka. Abin da ya ware bai wuce dala 300 ba. Wanne zai ɗauka, mai jan ɗigo ko mai jawo nesa kusa?

Ɗan'uwa, kuɗinka sun isa. Amma ka fara cire wani abu daga ranka: girman lambar da ke jikin kwali ba ita ce ingancin madubi ba. Abin da ake nema a wurinsa guda ɗaya ne, ya riƙe saiti. Inda ka bar shi jiya, nan za ka tarar da shi gobe, bayan bindiga ta yi ta shuri, bayan ya kwana a bayan mota cikin sanyi, bayan ya bugi reshe. Wanda ya kasa wannan tarkace ne, ko da yana nuna maka gashin idon barewa daga mita 500. Kuma ba kai kaɗai yake cuta ba. Harsashin da ya kauce da faɗin tafi biyu ba lallai ya tafi a banza ba, sau da yawa tumbi yake samu ko cinya, dabba ta ruga da rauni ta je ta mutu inda ba mai ganinta. Ga asarar nama, ga alhaki.

Mai jan ɗigo ba ya ƙara wa komai girma. Wata 'yar fitila ce a ciki take haska ɗigo a kan gilashi, ɗigon ya dawo cikin idonka, sai ka ga kamar a jikin abin da kake kallo yake zaune. Idanunka biyu a buɗe kake aiki da shi, kuma ko kanka ya ɗan karkace, inda ɗigon yake nan harsashi zai nufa, in dai ba wani nisa ne mai yawa ba. Kamfanin Aimpoint na birnin Malmo a Suwidin ne ya fito da irin wannan a 1975, kuma har yau nasu ne ma'aunin da ake gwada saura da shi. Sai dai ko mafi sauƙin kuɗi a cikinsu ya fi ƙarfin abin da ka ware. Ba abin damuwa ba ne. Sig Sauer Romeo5 da ƙananan Holosun da Vortex Crossfire duk suna tsakanin dala 100 da 200, gwargwadon yadda kasuwa ta kama, kuma mafarauta da yawa sun yi shekara da shekaru suna wahalar da su ba su mutu ba.

Za ka ga an rubuta 2 MOA ko 6 MOA. Girman ɗigon ke nan. MOA ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri guda, wato a nisan mita 100 yana rufe kusan santimita 3. Ɗigo mai 2 MOA zai rufe kusan santimita 6, mai 6 kuwa kusan 17. Wurin da maharbi ke nema a ƙirjin barewa, inda huhu da zuciya suke, faɗinsa bai wuce santimita 20 da 'yan kai ba. Ka ga babban ɗigo ya kusa cinye wurin baki ɗaya. Don haka a doguwar bindiga ɗauki mai 2, ko 3 in ya matsa.

Sai batir. Yawancinsu CR2032 suke ci, ɗan fai-fai ɗin nan da ake samu a kowane kantin magani. Kamfanoni kan ce yana kai awa 40,000 ko 50,000, amma wannan a matsakaicin haske ne. In ka ƙure shi ba zai kai ko kusa ba. Romeo5 da Holosun da dama suna kashe kansu in an ajiye su, su farka da zarar an taɓa bindigar. Duk da haka ka riƙa sa sabon batir a farkon kowace kakar farauta, ka jefa wani a aljihun riga, domin sanyi yana karya ƙarfin batir.

Akwai abin da mai kanti ba zai tuna ya gaya maka ba. Mutane da yawa suna da wata 'yar matsalar ido da likitoci ke kira astigmatizim, wasu ma ba su san suna da ita ba. Mai ita in ya leƙa, maimakon ɗigo zagayayye sai ya ga tauraro mai jela ko tarin ɗigo-ɗigo. Sai ya ce madubin ne ya lalace. Gwajin ba wuya: rage hasken tukuna, sannan ka ɗauki hoton ɗigon da wayarka. In a hoto ya fito zagayayye, idonka ne. In tabarau bai gyara ba, bar jan ɗigo ka koma wa madubi mai layuka a jikin gilashi.

In ni ne kai ma, can zan nufa tun farko. A Ohio an yarda a yi harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma a waɗannan lokutan barewa ta fi fitowa bakin gona. Gari bai gama wayewa ba, dabbar kalar ciyawa busasshiya, tana tsaye a inuwar itatuwa mita 120 daga inda kake. Nan jan ɗigo ba zai taimake ka ka ga reshen da ya gitta tsakaninku ba. Shi wurin aikinsa kurmi ne mai duhu, inda harbi ba ya wuce mita 60 ko 70 kuma abin na zuwa da sauri. Jihar taku kuma tun 2014 ta halatta bindigogi masu harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, irin su .350 Legend da Winchester ya fitar a 2019, waɗanda amfaninsu bai wuce wajen mita 200 ba. Madubi mai 2-7x33 ko 3-9x40 ya ishe su har ya yi saura.

Lambobin farko su ne ninkin girma, wato daga 3 zuwa 9. Ta ƙarshe faɗin gilashin gaba ce a milimita. Raba ta ƙarshe da ninkin da kake kai, za ka samu faɗin hasken da ke isowa idonka. A 3-9x40, in ka murɗa zuwa 9, milimita 4.4 ke nan. In ka sauko 6, kusan 7, wanda shi ne iyakar buɗewar ƙwayar idon matashi a cikin duhu. Yanzu ɗauki wancan da ke cika kasuwannin intanet, 6-24x50 a dala 60, an haɗa masa tocila da leza da layuka masu canza launi ja da kore. A ninki 24 hasken milimita 2 ne kacal. Da asuba duhu za ka gani, hoton na rawa da kowane bugun zuciyarka, kuma in barewa ta ɓullo a mita 30 ko a ninki 6 ɗin sai ka yi ta lalube kafin ka same ta. Duk kuɗin da aka kashe a kan tocila da leza, daga gilashi da sifirin na ciki aka zaftare su. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Vortex Crossfire II ko Burris Fullfield mai 3-9x40 suna wajen dala 150 zuwa 200. Leupold VX-Freedom ya fi su haske da rashin nauyi, amma shi kaɗai zai lashe abin da ka ware. Kuma in kana tafiya a daji, bar shi a ninki mafi ƙanƙanta. In dabba na nesa kana da lokacin ƙarawa, in tana kusa ba ka da lokacin ragewa.

Duba tazarar da ke tsakanin idonka da bakin madubi. Kada ta gaza santimita 9. In ta gaza, ranar da ka harba a karkace ko a kan tudu, bindiga za ta yi shuri bakin ƙarfen ya tsaga maka gira. Tsofaffin maharban Amurka da yawa na ɗauke da wannan tabo mai siffar jinjirin wata.

Hazo a cikin gilashi kuwa tsohuwar cuta ce. A tarihin kamfanin Leupold na jihar Oregon, abin da ya sa Marcus Leupold ya shiga ƙera madubi shi ne barewar da ta kuɓuce masa don nasa ya yi hazo. Na farkonsu ya fito a 1947. Maganin da aka samo shi ne a zuƙe iskar ciki mai danshi, a cika da naitirojin ko agon, a toshe da zoben roba. Yau ko masu araha na kirki haka ake yin su. A jan ɗigo nemi alamar IPX7, ma'anarta ya jure nutso a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Hazon waje kuma naka ne: kada ka huce a kan gilashi da sanyin safiya.

Inda sababbin shiga suka fi faɗawa rami shi ne maɗauri. Mutum ya sayi madubin dala 250, ya ɗaure shi da zobban dala 10, saiti ya yi ta yawo, ya ce kamfani ya cuce shi. Ware dala 40 zuwa 60 don zobba. Ka tabbata faɗinsu ya yi daidai da bututun madubin, inci 1 ne ko milimita 30, domin ba sa shiga wa juna. Ka duba layin dogon da ke kan bindigar: na Picatinny ramukansa sun ɗan fi na Weaver faɗi, shi ya sa zoben Weaver kan hau Picatinny, amma na Picatinny ba kasafai yake hawa Weaver ba. Ɗora madubin ƙasa-ƙasa gwargwadon iko, yadda kumatunka zai kwanta a kan gindin bindiga idonka ya faɗa tsakiya ba sai ka ɗaga wuya ba. Jan ɗigo irin Romeo5 na zuwa da maɗauri biyu, dogo da gajere. Bindigar farauta ta gargajiya gajeren take so. Sukurorin zobba kuma ba a murɗa su da ƙarfin tuwo. Kamfanoni da yawa na cewa inci-fam 15 zuwa 18, in ka zarce za ka matse bututun ka danne kayan ciki. Ari sukundireba mai awo a wurin abokanka, ko ka bar mai gyaran bindiga ya ɗaura maka.

Garanti ma wani ɓangare ne na abin da kake biya. Vortex na jihar Wisconsin na gyarawa ko musanyawa ba tare da neman rasit ba, ko da ba kai ka fara saye ba, ko da kai ka yar da shi. Abin da ba su ɗauka shi ne ɓata da sata da ɓarnar ganganci. Leupold da Burris ma na ba da garantin har abada a madubansu. Wannan ya sa na hannu daga waɗannan kamfanoni ciniki ne mai kyau. A jan ɗigo karanta ƙananan rubutu, wasu na ƙayyade shekarun da suke ɗaukar nauyin ɓangaren lantarki. Jabu kuwa ba shi da garantin kowa, kuma ya yi yawa. In ka ga Aimpoint ko Trijicon ko Leupold sabo fil a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa, wuce. Sayi a hannun dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Da ka ɗaura, tafi filin gwaji tun lokacin mayar da kaya bai ƙure ba. Fara a yadi 25 don harsashi ya hau takarda, bindiga a kan buhun yashi, harbi uku-uku, kana gyara daga tsakiyar ukun ba daga guda ɗaya ba. A yawancin madubai ƙas ɗaya na maɓallin saiti kwata ne na MOA: ƙas huɗu inci ɗaya a yadi 100, amma a yadi 25 sai ƙas 16. Sannan ka matsa yadi 100. In saiti ya zauna, jarraba shi: murɗa 16 sama ka harba, 16 dama, 16 ƙasa, 16 hagu. Harbin ƙarshe ya kamata ya dawo inda saiti ya zauna kafin ka fara murɗawa. Ajiye bindigar mako guda, ka dawo ka harba ba tare da taɓa komai ba. In ya kauce, duba sukurori. In a ɗaure suke, mayar da shi. Kuma da irin harsashin da za ka shiga daji da shi za ka yi saitin, don kowane iri da inda yake sauka.

Wani abu a gefe, ga mai son sayen bindigar iska mai sifirin don koyon hannu: ita shurinta biyu ne, baya da gaba, kuma tana kashe madubin da ya jure manyan bindigogi. Sai wanda aka rubuta an yi shi dominta.

Abin da ya rage a kuɗinka, sa shi a tabaran hangen nesa ko da mai sauƙi ne. Madubin bindiga ba na leƙen abin da ke motsi a daji ba ne, domin duk abin da ka leƙa da shi ka juya masa bakin bindiga, kuma motsin nan yana iya zama wani mafarauci ne da reshe ya rufe rigarsa mai ruwan lemo.

Sai maganar tsaraba, don na san halinmu. Kada wani a gida ya ce ka taho masa da guda ka jefa a jaka. Dokar Amurka ta sa madubin saiti cikin kayan da Ma'aikatar Kasuwanci ke sa wa ido, fita da shi zuwa ƙasashe da yawa sai da izini, kuma rashin sani ba ya fid da mutum a filin jirgi. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, kuma a halin da arewa ke ciki jami'in da ya zaro wannan daga akwatinka ba zai tsaya jin labarin barewar Ohio ba. In tafiya gida ta kama, cire batir, rufe gilasan da murafunsu, ka kulle shi tare da bindigar a akwatin ƙarfenka har ka dawo.